Kakana Ya Tambaya Kafin Ya Sa Bindigar a Wuta

Baffa ne ya ja da baya. Abin da na fara gani ke nan, kuma shi ne yake hana ni cin abinci har yau.

Hantsi ne. Ina tsaye a ƙofar maƙera da kwanon fura da ludayi biyu, ina jiran Kaka ya gama abin da yake yi. Ya riga ya zare bututun wata bindigar toka daga ƙotarta, ya cusa shi cikin garwashi, ya kama zugazugi. Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya kawo bindigar, yana tsugune a gefensa. Sai na ga ya miƙe a hankali, ya ciro waya daga aljihu ya kara a kunne, ya raɓa ta jikina ya fice. Wayar ba ta yi ƙara ba. Na bi shi da ido, na ga bai tsaya a ƙofa ba, sai da ya kewaya bayan katanga. Na buɗe baki zan kira Kaka, ban kai ga kiran ba.

Abin da na sani bayan nan, ina kwance a ƙasa, fura ta jiƙa min zane, hayaƙi ya cika ɗakin, kunnena na hagu yana wani irin kuka. Kaka yana jingine da bango, hularsa a cikin toka. A bayan motar ɗaukar masara aka sa shi za a kai shi asibiti a Tudun Wada. Ba su kai kwalta ba Allah ya karɓi abinsa.

Masu gaisuwa suka cika gida. Ni ina kwance a ɗakin Inna, mahaifiyata, an toshe min kunne da auduga, amma ɗayan yana ji sarai. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo tana sharar hawaye tana cewa, "Tsufa ke nan. An sha ce masa ya haƙura da aikin nan, ido ya tafi." Wata ta karɓe, "Ai abin da mutum ya ƙera da hannunsa ne ya tashi da shi." Wata kuwa, da ta zo daga Doguwa takanas, cewa ta yi Allah ya taimaka ma da ba yaran mutane ya kashe ba. Suka yi ta jinjina kai, aka miƙa musu ruwa suka sha.

A zaure Baffa ne yake karɓar gaisuwa. Labarin da yake ba kowa shi ne wai Kaka ya ɗauko tsohuwar bindigarsa zai gyara, ya manta tun bara ya ɗura ta don birai masu ɓarnar masara. Maza suka ce Allahu akbar, mantuwa ta ɗan Adam ce. Har liman ya ɗan yi nasiha a kan tsofaffi su riƙa sanin lokacin da ya kamata su ajiye sana'a.

Wannan ne ya sa nake rubutun nan. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka sani sun sani. Amma ba zan yarda a binne Kakana sau biyu ba, a sa shi a ƙasa sannan a rufa masa ƙarya. Ina wurin. Na ji abin da ya tambaya, na ji amsar da aka ba shi.

Wanda bai san bindigar toka ba, ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a bi shi da tsumma, a jefa harsashi, a danna da sanda har ya zauna daram a kan albarushin. In harsashin ya yi wa cikin bututun kaɗan, sai wuta ta zurare ta gefe, harbi ya lalace. In ya yi yawa sai ya maƙale a hanya, kuma wanda ya ja kunama a haka, bututun a hannunsa zai tsage. Rayuwar Kaka kaf a kan wannan ɗan bambancin ta ƙare. Yana ƙera fartanya da lauje da galma kamar kowane maƙeri, amma abin da yake kawo mafarauta tun daga bakin dajin Falgore har Bebeji shi ne awon bindiga.

Yana da wasu 'yan ƙarafa kamar yatsu, shi ya ƙera su ya goge su da magagari, kowanne ya ɗan ɗara ɗan'uwansa kauri, kowanne da igiyarsa. In aka kawo bindiga, ko gaisawa ba ya bari a gama sai ya karɓe ta ya juya bakinta bango. Zai fara zura sandar ɗuri, ya danne da babban yatsa a inda ta tsaya, ya zaro ya gwada ta a jikin bututun ta waje. In sanda ba ta kai gindi ba, to akwai abu a ciki, ko mai ita ya ce babu. Sannan ya ɗauki ƙaramin ƙarfen ya sake shi a hankali, ya kara kunne, idonsa a rufe. In ya wuce yana rawa sai ya ɗauki na gaba da shi. Haka har ya sami wanda zai sauka yana shafar bango ba tare da ya tsaya ba. Yakan ce baki kowa yana ganinsa, amma bindiga a tsakiya take cutar mai ita, inda tsatsa ta ci ko inda ta tsuke. Bayan nan ya narka dalma ya zuba harsashi daidai wannan bututun, ya ƙulle a tsumma ya ba mai ita, ya ce, "Wannan na bindigar nan ne ita kaɗai. Kada ka ara, kada ka ba da aro, ko yayanka ne."

Gaskiya ne idonsa ya yi rauni. Ni nake zura masa zare a allura, ni nake duba masa lambar wanda ya kira a waya. Amma awon nan da ido rufe yake yinsa tun ba a haifi Baffa ba. Mutumin da ko bindigar da shi ya ƙera aka dawo da ita sai ya sa mata sanda kafin ya yi magana, shi ne wai zai manta ya ɗura tasa? Duk wanda ya zauna a zauren nan ya gyaɗa kai ya san wannan. Sun gyaɗa ne saboda gyaɗawar ta fi sauƙi.

Amarya yake ce min, irin wasan kaka da jika. In na kawo fura sai ya sa ludayi ya ɗaga ya zubar a hankali yana kallo, ya ce, "Amarya, wannan fura ce ko wankin ƙwarya? Yau dai sakinki zan yi."

In ce, "Ka sake ni mana, tsoho. Wa zai kwashe ka da wannan baƙin hannun?"

"'Yan mata suna layi a bakin kasuwa."

"Layin karɓar laujen iyayensu ne."

Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya shanye furar tas, ya miƙo kwano ya ce an ɗaga sakin zuwa gobe. Da mahaifina ya rasu ina aji biyu a sakandare, mutanen gida suka fara maganar karatun ya isa haka. Kaka bai yi gardama da kowa ba. Akwatin ƙarfe na makaranta ya ɗauko, ya gyara masa maɗauri, ya yi masa sabon kwaɗo, ya ajiye a tsakar gida inda kowa zai yi tuntuɓe da shi. Maganar ba ta sake tashi ba har na gama.

Akwai wani Bafulatani daga rugar da ke bayan gonakinmu, wanda ɓarayi suka kore masa shanu a wata damina. Ya zo maƙera idonsa jawur da bindigar ubansa, ya ce a gyara masa yanzu-yanzu, ya san gidan wanda ya nuna wa ɓarayin hanya. Kaka ya gaishe shi da ɗan Fulatancinsa mai ban dariya, ya karɓi bindigar ya ce sai an auna. Ya auna da safe ya ce bai gamsu ba. Ya auna da yamma ya ce ƙarfen awon ne ya lanƙwashe, sai ya ƙera wani. Washegari ya ce dalma ta ƙare. Ni na yi ta kai wa mutumin tuwo a zaure, yana ci yana huci. Awon nan bai ƙare ba sai da yayyensa suka zo suka lallashe shi suka tafi da shi. Daga baya aka gano wanda yake zargin ba ya ma gari ranar. Mutumin nan ya zo gaisuwa, kuma shi kaɗai na ji an ce da Baffa ya gama ba da labarinsa ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Ba zan ce Kaka ba shi da laifi ba. Yana da baki, kuma bai iya jan mutum gefe ya yi masa faɗa ba, a gaban jama'a yake yi. Na taɓa ganin ya fizge bindiga daga hannun wani magidanci mai furfura, ya dungure masa kai saboda ya leƙa bakinta. Da wannan bakin ya ɓata da Baffa.

Bara abubuwa suka tsananta a wajenmu. Aka kore shanu, aka tare hanya aka tafi da mutane daji. Gari ya kafa 'yan sintiri, aka ba Baffa shugabanci, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi ƙoƙari, mutane sun sami barci saboda shi. Shi ya je wata kasuwa ya sayo bindigogi masu sheƙi, an shafa musu baƙin fenti, ya jere su a ƙofar maƙera da yaransa a bayansa, yana jiran ubansa ya sa albarka. Kaka ya ɗauki ta farko ya saki ƙarfen awo. Ƙarfen ya shiga, ya tsaya a tsakiya. Ya ɗauki ta biyu, ƙarfen ya faɗa har ƙasa yana ƙara kamar an jefa dutse a rijiya. Ya zura ɗan yatsa ya shafo wani layi a ciki.

Ya ce, "Wannan ai bututun famfo ne. Ga ɗinkinsa nan. Ku kai fadama a yi ban-ruwan albasa."

Mutane suka fashe da dariya, har da yaran Baffa.

Baffa ya ce, "Baba, mutane fa ake sacewa. Da hannu za mu tare su?"

"Ɓarawo saniya zai ɗauka. Wannan hannun ɗan mutane za ta ɗauka, ko idonsa. Ka kawo min sandunan sitiyarin mota in yi muku na kirki."

"Kafin ka gama ɗaya an kwashe garin."

"To a kwashe. Amma duk yaron da ya zuba albarushi a cikin waɗannan kada ya ƙara tako min nan. Kai kuwa, in ka bari aka zuba, ban yafe ba."

Baffa ya kwashi bindigoginsa ya tafi. Tun daga ranar, gaisuwar safe a tsaye yake yinta daga bakin ƙofa, ya wuce. Kaka yana nuna bai damu ba, amma ni da nake kai masa abinci na san yana rage tuwo.

Ranar da abin ya faru, na iso da fura na tarar da Baffa a tsugune a gaban ubansa, ya cire hula, ɗaya daga cikin bindigogin nan a ƙasa. Yana cewa yaran ne suke gwada wani guntun rodi su ga ko zai shiga, ya maƙale, suka buga da dutse ya ƙara shigewa. Sun zuba baƙin mai ko zai zame, ya ƙi. Kaka ya zura sanda, ta tsaya a rabi. Ya juya gindin, ya ga an liƙe shi da walda, ba ya kwancewa. Ya kai hanci ƙaramar kafar da wuta take shiga, ya shinshina, ya yamutsa fuska, warin mai ya rufe komai.

Ya ce, "Sandata ba ta wuce ƙarfen nan, hancina bai ji komai ba. Ba ni da hanyar sanin abin da ke bayansa sai bakinka. Akwai albarushi?"

Baffa ya ce, "Babu, Baba."

"Ɗago ka dube ni. Ba ka zuba ba, yaranka ba su zuba ba?"

"Wallahi babu. Ai ka hana."

Kaka ya daɗe yana dubansa. Sannan na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da na kwana biyu ban gani ba. Ya ce in an gasa bututun zai buɗe, ƙarfen ya faɗo da kansa. Ya waiwayo ya ce, "Amarya, koma ki ƙaro ludayi, Baffanki zai sha." Na shiga gida na ɗauko, na dawo, na tsaya a ƙofa. Sauran na riga na faɗa.

Sau nawa na ga baƙo ya kawo bindiga a toshe ya rantse babu komai, Kaka ya ce ya ji, amma ya tsoma ta a randa ta kwana tukuna? Bai taɓa sa ta baƙo a wuta a bushe ba. Ta ɗansa ce kaɗai ya sa, saboda ɗan ya tsuguna, ya cire hula, ya ce wallahi. Ina jin haushin Kaka a kan wannan, Allah ya sani, har in ji kamar in je kabarinsa in tambaye shi. Amma haushin da nake ji na Baffa ba shi da wurin ajiyewa. Na yarda bai zo don ya kashe ubansa ba. Tsoron kalmar "ban yafe ba" ne ya sa shi ƙarya, wataƙila kuma yana zaton man da suka zuba ya kashe albarushin. To amma in ya tabbata ya mutu, me ya kai shi bayan katanga? Ya san abin da ya isa ya tsere da ransa. Ya bar tsohon da ya haife shi yana zuga wuta, ya raɓa ta jikin 'yar wansa marainiya bai ko ja min mayafi ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya shigo ɗakin Inna wai duba ni. Ya aiki Inna ta kawo masa ruwa. Ya tsuguna daidai kunnena mai ji.

Ya ce, "Sannu. Yaya kunnen?"

Na ce, "Da sauƙi, Baffa."

"Irin wannan ƙarar tana juya wa mutum kai. Sai ya ga kamar ya ji abin da ba a faɗa ba. Kin gane?"

Na kau da kai.

"Yanzu ke da uwarki ba ku da kowa a gidan nan sai ni. Hanyar rafi kuma kin san yadda take a zamanin nan. Ba kullum yarana suke iya tsare kowa ba."

Inna ta dawo da ruwa, ya karɓa ya sha ya yi hamdala, ya ce mata a kula da ni sosai.

Daga ranar yaransa suka mayar da dakalin ƙofar gidanmu wurin zamansu, da bindigogin nan a kan cinya. Na fita sau ɗaya zan karɓo magani, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mai kunne ɗaya, a dai riƙa lallaɓa ɗayan." Suka yi dariya. Na koma ciki ban karɓo ba. Ko murfin tukunya ne ya faɗi sai in tsinci kaina a ƙarƙashin gado. Na gaya wa Inna komai, ta rufe min baki da tafin hannunta, ta ce in rufa mata asiri.

Ranar sadakar uku na kasa. Na shiga ɗakin Iya, kakata, tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi. Na durƙusa na faɗa mata tun daga tsugunon har bayan katanga. Ba ta daina jan carbin ba. Da na gama ta ce, "Kin gama?"

Na ce, "Na gama, Iya."

"Shekara nawa ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan, ke za ki gaya min ba ya mantuwa da ɗuri? Tun da na ji labarin na san ba haka ba ne." Ta dube ni. "Na binne ubanki. Na binne mijina. Ɗa namiji ɗaya ya rage min. So kike in miƙa shi ga hukuma da hannuna?"

Na ce, "To sunan Kaka fa?"

Ta ce, "Wanda ya mutu ba ya jin abin da ake faɗa a zaure. Tashi ki ba ni wuri."

Ban san Gwaggo tana bayan labule ba. Ita ce babbar 'yar Kaka, tana aure a Tudun Wada, kuma bakin ubanta ta ɗauko. Maƙera ta wuce kai tsaye, ta tona toka da hannunta, ta tsinto tsagin bututun da baƙin fenti a jikinsa, ta ƙulle a gefen zane. Ta duba bayan ƙyaure ta ga tsohuwar bindigar Kaka a rataye lafiyarta ƙalau, wadda aka ce ita ce ta fashe. Ko saukar da ita Baffa bai tuna ya yi ba, kuma a cikin duk mazan da suka zo gaisuwa babu wanda ya leƙa. Sannan ta kira Kawu, wan Inna, a waya. Washegari da rana tsaka ya zo da babur, ya gaisa da Baffa hannu biyu, ya ce zai kai ni a duba kunne. Yaran suna kallo na hau. Ba mu tsaya ba sai gidansa a Yako. A nan nake rubutun nan.

Ku da kuka zo gaisuwa kuka ce tsufa ne, na ji ku, kuma ban yafe muku da sauƙi ba. Da yawanku yatsunku goma suna nan ne saboda tsohon nan ya ƙi ba ku bindiga sai ya auna. Kun ci tuwon sadakarsa kun tafi da labarin cewa ya rikice. Bai rikice ba. Ya sa sanda, ya sa hanci, ya tambaya, ya sake tambaya. Duk abin da maƙeri zai yi ya yi, ban da abu ɗaya, kuma wannan ɗayan uba ne ya bar shi, ba maƙeri ba.

Allah Ka ga hannun nan da wuta ta ƙona tun yana yaro yana nema wa iyalinsa halal. Ka sanyaya masa makwanci, Ka yafe masa zafin bakinsa, Ka saka masa da kowane ɗan mutane da ya koma gida da hannunsa cikakke. Ka haɗa shi da mahaifina a inda babu mai yi musu ƙarya.

Gwaggo ta kai maganar gaban dagaci, aka sa ranar zama, Kawu ya tafi. Ni na yini a tsakar gida tare da matar Kawu muna ɓarar masara, duk babur ɗin da ya wuce sai na miƙe. Bayan la'asar ya dawo, ya jingine babur, ya nemi ruwa ya wanke fuska, ya zauna a kan turmi.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi, an kashe magana. Gwaggonki ta zazzage ƙullinta a gaban dattawa. Baffanki ya yi kuka, ya amsa."

Na ce, "Za a gaya wa mutane?"

"An ce a rufe, saboda Iya. A bar wa Allah."

"Bindigogin fa?"

Ya sosa ƙeya. "Suna hannun yaran. Dagaci ya ce in an karɓe, da me za a tsare gari?"

Matar Kawu ta ce, "Kai dai faɗa mata abin da ya shafe ta, yarinya ta rame."

Ya ce, "Ke dai kin tsira. Babu mai taɓa ki, babu mai yi miki kallon banza. Gobe ma in kina so sai in mayar da ke wajen uwarki."

Na ce, "Wa ya ce, Kawu?"

"Shi da bakinsa. Ya tsuguna gaban dattawa, ya cire hula, ya ce wallahi."

Matar Kawu ta shafa min baya ta ce barka, in tashi in kwance kayana in sa a wanki. Na ce mata to. Na ce wa Kawu ya bar ni a nan tukuna.